Maganin da Ya Hana Yaya Balki Ɗaukar Jikanta

Tun da na ajiye aiki na dawo Matamaye, Juma'a ba ta wucewa Rabi ba ta zo gaishe ni ba. Takan durƙusa a bakin zaure ta ce, "Kawu, ina wuni," ta tambayi ƙafata mai ciwo, ta ajiye kwanon fura, ta tashi. Zama ne dai ba ta yi. Ku 'ya'yana kun lura, har kun tambayi uwarku ko wani abu ya shiga tsakanina da yayarku, ita kuma ta ce ku tambaye ni. Ni mutum ne da magana ba ta kwana a cikina lafiya, amma wannan ta yi shekaru tana kwana tana tashi, domin ba tawa ba ce ni kaɗai. Sai a watan jiya yayata Balki, uwar Rabi, ta same ni ina shan iska a gindin dalbejiyar ƙofar gida, ta zauna ta ce:

"Iro, kai da ka iya alƙalami, rubuta mata. Ni bakina ba zai iya ba."

To, ga shi na rubuta, Rabi. Naki ne, amma ƙannenki ma su karanta.

Yaya Balki ita ta goye ni, ita ta yi mini dukan farko da na tuna, kuma har yau da furfurata Iro take ce mini a gaban kowa. Rabi ce 'yarta ta fari, kun kuwa san yadda mutanenmu suke da ɗan fari. Yaya ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "yarinyar nan" ko "waccan". Ba ta yi mata wasa a gaban mutane ba, ba ta yabe ta ba, da ta isa makaranta ma sai ta tura mana ita Yamai, a hannun uwarku Mariya ta girma har aka yi mata aure ta dawo Matamaye. 'Yan zamani na ganin wannan rashin so ne. Ni da na san Yaya na san so ne da aka ɗaure masa baki. Ranar da labari ya zo cewa Rabi na da ciki, Yaya na wurinmu a Yamai, na ji tana waƙa a madafa, abin da ban taɓa ji ba tun rasuwar mijinta. Ta ce da Mariya:

"Abin da kunya ta hana ni yi wa uwar, jikan zan yi wa. Ba mai sauke shi daga bayana sai ya yi tafiya."

Dole in ɗan faɗi aikina, don ba kowa ya fahimce shi ba, har Yaya takan ce wa mutane ni mai hoton ƙashi ne. Teknisiyan nake a wani sashe na lopital, wato asibiti, a Yamai inda ake amfani da magunguna masu fitar da wani irin zafi da ido ba ya gani, fata ba ta ji, sai na'ura. Wani a yi wa mutum allurarsa a kwantar da shi ƙarƙashin kamara a ga cikin jikinsa, wani kuma a ba shi ya haɗiya don ya kashe cuta. Likita ke yanke hukunci, ni ke aunawa in shirya in ba majinyaci. Maganin ba a ƙasarmu ake yinsa ba, jirgin sama ke kawo shi cikin tukunyar dalma mai nauyi. Babban halinsa kuma shi ne ba ya ajiyuwa. Kamar ƙanƙara yake a hannun mai talla cikin bazara, ko an saya ko ba a saya ba narkewa take. Tun ranar da aka yi shi ƙarfinsa ke raguwa, saboda haka rayuwarmu duka a sashen nan a ɗaure take da saukar jirgi.

Maƙoƙo ne ya kawo Yaya Yamai. Aka yi mata aiki aka cire, da aka duba abin da aka cire sai aka ga akwai ciwon daji a ciki. Likita ya ce irin mai jin magani ne, amma sai ta haɗiyi ƙwayar nan tamu ta bi sauran da wuƙa ba ta gani ba. Da na fassara mata, ba ta yi kuka ba. Ta kama hannuna ta matse ta ce:

"Kada yarinyar nan ta ji kalmar nan da cikinta. Maƙoƙo ne, an cire, shi ke nan. Ka yi mini alkawari."

Na yi mata. Muka zauna muka yi lissafi da yatsu ni da ita: za ta sha ƙwayar, ta keɓe kanta na ɗan lokaci har zafin ya fita daga jikinta, ta koma gida da sauran kusan wata biyu kafin haihuwa. Lissafin ya fita tsaf. Har ta sa Mariya ta raka ta kasuwa ta sayo majanyi sabo, saƙi mai ratsin ja, ta naɗe shi ta sa a ƙasan jakarta. Sharaɗin ƙwayar shi ne mutum ya daina shan maganin da yake sha kullum a madadin maƙoƙon da aka cire, ya bar kifi, ya bar gishirin kanti da dunƙulen miya, na makonni kafin ranar. Mariya ta nemo mata gishirin Bilma, tana yi mata miyarta daban a ƙaramar tukunya. Yaya takan ɗanɗana ta ce wannan miyar marayu ce, ta ci dai.

Ana cikin haka korona ta shigo. Aka rufe filin jirgi ga fasinja, aka rufe Yamai ba shiga ba fita, aka rufe masallatai. An ce jiragen kaya za su ci gaba da sauka, amma sai ya zama yau akwai, gobe babu. A wurin aiki aka raba mu biyu don kada cuta ta kama mu gaba ɗaya, aka ɗebi wasu aka kai su taimako a sashen masu korona, aka soke hutun kowa. Kullum in sa takunkumi da safar hannu a kan rigar dalma, zufa na bin bayana har cikin takalmi, in buɗe ɗaki in share kamara in zauna, ba abin da zan sa wa kowa. Majinyata su zo daga nesa da takardunsu, masu ciwon ƙashi da masu zuciya, su tsaya nesa da ni su ce, "Ya zo?" In ce bai zo ba. Na gaji da jin muryata tana faɗin haka. In kira mai fito da kayanmu a filin jirgi da safe, in kira shi da azahar, har ya fara cewa, "Malam Ibrahim, in ya sauka ai ba zan dafa shi in ci ba." Ko ƙarar babbar mota na ji sai na ɗaga kai sama. Mariya ta ce na zama kamar kaza mai neman wurin ƙwai, in shiga ɗaki in fito, in ɗauki buta in ajiye.

Abin da ya hana ni zama shi ne Yaya. Ranar da aka tsayar mata ta wuce, mako ya bi mako, ita kuwa ba ta shan maganinta, don in ta koma sha sai an sake shirin daga farko. Jiki magayi. Fuskarta ta kumbura, muryarta ta yi kauri, magana ma sai ta jawo ta kamar guga daga rijiya mai zurfi. Cikin zafin bazarar Yamai, da ko kare ba ya fita rana, Yaya na lulluɓe da bargo tana cewa sanyi take ji. Matar da ke tashin gida da faɗa tun asuba sai ta wuni a tabarma tana kallon bango. Likita ya ce in jirgin makon nan bai zo ba, ta koma shan maganinta, a haƙura sai wani lokaci. Na roƙe shi a ƙara kwana kaɗan. Rabi kuma ta kira da yamma ta ce:

"Kawu, watana ya kama. Yaushe Inna za ta taho? Ko ta manta ita za ta yi mini wankan jego?"

In ce hanya a rufe take, wanda gaskiya ne, amma ba duka gaskiyar ba.

Jirgin ya sauka ana dab da azumi. Na auna ƙwayar, ta kwana a hanya fiye da ƙa'ida, ƙarfinta ya ragu amma da saura. Likita ya duba ya ce gobe da safe, in aka wuce haka ba za ta wadatar ba, kuma ba wanda ya san ranar wani jirgin. Na taho gida da murna. A bakin ƙofa na tarar da wani labarin: an ce za a buɗe hanyar fita Yamai cikin kwanakin nan. Yaya na zaune, ta yaye bargon, jakarta a gabanta. Ana wata ga wata. Ta ce:

"Ka ce in na sha abin nan ba zan taɓa jariri ba?"

Na ce, "Na ɗan lokaci ne, Yaya. Ba ɗauka, ba goyo, ba kwana ɗaki ɗaya."

"To bari in je in karɓi haihuwar, in yi mata wanka ko na mako biyu ne, in dawo in sha."

"Ba zai jira ki ba."

"Magani ne ko ango? Ka sa a firji mana."

Na yi dariya ba don raina ya so ba. Na zauna a ƙasa gabanta kamar yadda nake yi ina yaro, na ce mata in ta tafi yanzu wahalar da ta sha ta makonni ta tashi a banza, abin da ke wuyanta kuma ba ya hutun korona. Na ce jika yana nan, goyo ba ya ƙarewa a mako ɗaya, shekara biyu za ta yi tana goyonsa har ta gaji ta nemi mai karɓa. Wannan maganar tawa ce, ni na faɗe ta, kuma na faɗe ta ne ina ganin gaskiya ce. Ta dube ni ta ce:

"Kai na goya, yau kai ke hana ni goyo. To, na ji."

Washegari ni na miƙa mata ƙwayar da dogon matsefi, na ja da baya, na rufe mata ƙofa. Ta yi kwanakinta a ɗakin keɓewa, muna magana ta taga. Ta dawo gida muka ba ta ɗaki ita kaɗai, da kwanonta da butarta. Ba a jima ba waya ta zo, Rabi ta sauka lafiya, namiji, kuma hanya ta buɗe. Babu igiyar da za ta ɗaure Yaya a Yamai ranar nan. Na kawo na'ura na auna ta. Zama nesa kaɗan da manya ba laifi, amma jariri ɗanye a ƙirji ko a baya, na ce a'a. Ƙa'idar aikinmu takan ba da tazara, daga kaza zuwa kaza, ni kuwa na ɗauki mafi tsawo, don jinina ne. Na ce sai bayan suna da 'yan kwanaki, kuma ni zan kira ta in ce ta ɗauka. Ban yarda ta shiga kar, babbar motar haya, ta matsu da mutane wuni guda ba, na samo wani ɗan kasuwa mai zuwa Damagaram da motarsa, Yaya ita kaɗai a can baya, Mariya a gaba. Ni ba halin tafiya, mu biyu kaɗai muka rage a sashen, ga majinyatan da suka yi wata suna jira.

Abin da ya faru a Matamaye daga bakin Mariya na ji, ita kuwa ba ta ƙari. Sun iso gida cike da mata 'yan barka. Uwar mijin Rabi, Hajiya Tabawa, ta taso da jaririn a hannu tana guɗa, ta ce, "Ga angonki, karɓi!" Yaya ta mai da hannuwanta baya ta ja da baya har ta bugi bango. Ta ce likita ya hana. Ku tuna lokacin: mace ta fito daga Yamai inda aka ce cutar take, fuska a kumbure, murya a shaƙe, ta zo da kwanonta da butarta, ta ce a ba ta ɗakin da ke can ƙurya. Wa zai ga laifin wanda ya yi zato? Kafin la'asar matan sun zame ɗaya bayan ɗaya, kowace da uzurinta. Na kira Hajiya Tabawa na yi mata bayani cewa magani ne a jikinta, ba cuta ba. Ta ce:

"Alhaji, mu ba yara ba ne. Wane irin magani ne ke hana kaka ɗaukar jikanta? In cutar nan ce ku faɗa mana, ba abin kunya ba ne."

Amsar da za ta gamsar da ita tana cikin kalmar da na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Na yi shiru, shirun nawa kuwa ya zama shaida.

Haka Yaya ta yi jegon nan daga nesa. Da asuba ta fito ta zauna a kan turmi a wancan gefen tsakar gida, tana ba da umarni da ƙarfin muryar da ta rage mata. A ƙara wuta, ruwan bai tafasa ba. A sa ganyen da yawa. Kunun kanwan nan ya yi ruwa, wa ya dama shi? A gyara kan yaron, wuyansa ya karkata. In aka fito da shi shan hantsi sai ta miƙe ta ɗaga wuya tana leƙe, ta ce masa, "Ango, ka ga amaryarka ta tsufa ko? Yi haƙuri, ina zuwa." Majanyin nan kuwa kullum yana kan cinyarta, ta warware ta naɗe. Ni kuma a Yamai kullum sai ta kira ni bayan azahar, ba sallama mai tsawo, sai dai, "Iro, yau fa?" In ce da saura. In kashe waya in kasa zama, in zagaya kamara in dawo, har abokin aikina ya ce in fita waje ina sa masa jiri.

Ke kuma, Rabi, na san abin da kika gani. Kin ga uwar da ba ta taɓa kiran sunanki ba ta zo ta zauna nesa da ɗanki kamar yadda ta zauna nesa da ke. Mariya ta ce ta ji kin ce, "Ni an ƙi ni na haƙura, shi me ya yi?" Yaya ma ta ji, don tsakar gidan ba shi da faɗi. Ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Aka yi suna ba taro, rabi don dokar korona rabi don tsoron gidan. Aka sa masa Ibrahim, sunana. Bayan suna da kwana biyu jikinsa ya yi zafi, ya ƙi nono. Aka kai shi lopital a nan Matamaye, suka yi iyakar ƙoƙarinsu. Ina so a ji wannan da kyau, don an yi ta magana a garin nan. An gwada Yaya, ba ta da korona, ba ta taɓa yi ba. Maganin da ke jikinta kuma bai kai gare shi ba, don ko inuwarta ba ta bari ta faɗa kansa ba. Zazzaɓin jarirai ne irin wanda ke ɗaukar 'ya'yanmu tun kafin a haife ni. Kwanansa ne ya ƙare. Bayan haka ni da Yaya muka ƙara kulle bakinmu, don mun ga in muka ce akwai wani zafi a jikinta, cewa za a yi shi ya kashe yaron. Sai aka bar ni da sunan wanda ya tsare ta a Yamai, ya ɓoye cewa tana da korona, ya hana ta jikanta. Biyun farko ba haka ba ne. Na ukun haka ne, kuma da za a mai da ni ranar nan da abin da na sani a ranar, abin da zan faɗa ke nan. Wannan bai hana shi ci mini rai ba. Yau Yaya na nan da ranta, ta goyi 'ya'yanki biyu da suka biyo baya har bayanta ya gaji. Amma shekara biyun da na yi mata alkawari a kan na farin, ba ni da su, ban kuma san ba ni da su ba.

Ranar da ya koma, da hantsi ne wayar ta shigo. Ina tsaye bayan gilashi, wani dattijo na kwance ƙarƙashin kamara. Na ga lambar Yaya na yi mamaki, don ba lokacin kiranta ba ne. Ta faɗa mini abin da ya faru. Na yi salati. Sai ta ce da muryar nan mai kauri:

"Iro, yanzu fa? Yanzu na iya ɗaukarsa?"

Na ce, "Ɗauke shi, Yaya."

Mariya ta ce ta ƙetare tsakar gidan a hankali, matan suka dare mata. Ta karɓe shi daga hannun Hajiya Tabawa, ta zauna a ƙasa ta shimfiɗa majanyin a cinyarta ta kwantar da shi, tana gyara masa wuya. Ta ce, "Ango, haka ake yi? Na taho tun daga Yamai, ka tafi ko gaisawa ba mu yi ba?" Ba ta sake shi ba sai da maza suka yi sallama a zaure. Ke kina cikin ɗaki an rirriƙe ki, ba ki ga wannan ba, kuma ba wanda ya iya ba ki labari.

Saura abu ɗaya da ko Mariya ba ta sani ba, don a kunnena kaɗai ya faɗa. Shekarun da na yi ina jin Yaya na maganarki, "yarinyar nan" take cewa, ko "waccan". Ranar nan da na ɗauki wayar, ba ta ce jikana ba, ba ta ce takwaranka ba. Cewa ta yi:

"Iro, ɗan Rabi ya koma. Rabina, Iro. Wa zai riƙe mini Rabi?"

Juma'a mai zuwa in kin kawo furar, akwai tabarma a zaure. In kuma ba za ki zauna wurina ba, ba komai, ki wuce wurinta.